Kamun kifin bass a Amurka: Dabarun lokacin bazara

A duk shekara, da zarar sanyin hunturu ya fara janyewa a Amurka, miliyoyin mutane kan ɗaura ƙananan jiragen ruwa a bayan motocinsu su nufi tafkuna da madatsun ruwa domin farautar wani kifi da ake kira bass.

Wani ƙiyasi na hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ya nuna cewa a shekarar 2016 mutane kimanin miliyan 9.6 ne suka fita neman wannan kifi, abin da ya sa ya fi kowane kifin ruwan daɗi farin jini a ƙasar.

Galibin masu wannan kamu dai ba don tukunya suke yi ba. Sukan kama kifin da fatsa, su auna shi, su ɗauki hoto, sannan su mayar da shi ruwa da ransa. Kuma maimakon tana ko ɗanyen kifi, abincin ƙarya suke maƙala wa ƙugiya, wanda aka ƙera da katako ko roba ko ƙarfe.

Lokacin da ake magana a kai shi ne watannin Maris zuwa Mayu, wanda akan fassara da bazara. Sai dai ya sha bamban da bazarar ƙasar Hausa mai ƙuna, domin a can lokaci ne da ƙanƙara ke narkewa, itatuwa ke tohowa, ruwa kuma ke fara ɗumi sannu a hankali.

Wane irin kifi ne?

Asalin kifin bass gabashin nahiyar Amurka ta Arewa ne, kuma iri biyu ne suka fi shahara.

Akwai mai babban baki, wanda ke son ruwa mai ɗumi, mai ciyayi da kututturan itace. Akwai kuma mai ƙaramin baki, wanda ya fi son ruwa garai-garai mai sanyi da duwatsu, kamar na manyan tafkunan da ke kan iyakar Amurka da Kanada.

Dukansu mafarauta ne. Suna cin ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari, da kuma wata halitta ta ƙasan ruwa, 'yar uwar ƙaguwa da jatan lande, mai ɓawo da hannaye biyu masu kama da awartaki. Akasarin waɗanda ake kamawa ba su wuce rabin kilo zuwa kilo biyu ba. Wanda ya kai kilo huɗu da rabi kuwa, mutum kan yi shekaru yana ba da labarinsa.

Zafin ruwa

Abin da ke juya rayuwar wannan kifi a bazara shi ne haihuwa, ita kuwa haihuwar zafin ruwa take bi. Don haka ƙwararrun masunta sun fi dogara da ma'aunin zafin ruwa da ke jikin jirginsu a kan kwanan wata.

A cikin hunturu kifin kan koma zurfi, ya rage motsi da ci, saboda jikinsa na ɗaukar sanyin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya doshi digiri 10 a ma'aunin Salshiyos sai ya fara matsowa bakin gaɓa. Daga wajen digiri 15 zuwa 20 kuma sai a shiga zuba ƙwai gadan-gadan.

Kasancewar Amurka ƙasa ce mai faɗi, lokacin ya bambanta matuƙa. A kudancin jihar Florida kifin kan fara zuba ƙwai tun watan Janairu, wani lokaci ma kafin nan. A jihar Minnesota da lardin Ontario na Kanada kuwa sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni.

Ko a tafki ɗaya ma ba a tare ake yi ba. Lungunan da ke gefen arewa su ne kan fara ɗumi, domin rana na dukansu daga kudu, tudun bayansu kuma na tare musu iskar arewa mai sanyi. Haka nan ruwa maras zurfi mai baƙar ƙasa ya fi saurin ɗumi a kan mai zurfi. Bambancin digiri biyu kacal na iya raba inda kifi ya taru da inda babu ko ɗaya.

Kafin zuba ƙwai

Wannan shi ne lokacin da masu neman babban kifi suka fi ɗoki, saboda matan suna ɗauke da ƙwai, nauyinsu ya kai maƙura, kuma suna ci sosai kafin wahalar haihuwa.

Kifin dai ba ya tashi daga zurfi ya faɗa bakin gaɓa kai tsaye. A madatsun ruwa yakan bi tsohuwar hanyar rafin da ruwa ya shanye, yana ya da zango a kan tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, ko gefen ciyawa, ko tarin duwatsu, a zurfin mita biyu zuwa biyar. Aikin masunci shi ne gano waɗannan zanguna. Idan guguwar sanyi ta ratso, kamar yadda takan yi a watan Maris, kifin kan ja da baya zuwa zangon da ya baro, ya lafe, har sai yanayi ya daidaita.

A ruwa mai sanyi kuma garai-garai, abin da aka fi amfani da shi shi ne wani siririn kifin ƙarya da ake fizga. An daidaita nauyinsa ta yadda idan aka daina jan zare ba ya nutsewa, ba ya kuma tasowa, sai ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Masunci kan fizge shi sau biyu ko uku, sannan ya dakata. Sirrin yana cikin dakatawar: gwargwadon sanyin ruwa, gwargwadon tsawonta, har takan kai daƙiƙa goma ko ashirin. Galibi a wannan tsayuwar ce bass ke kai cafka, domin yana ganin ƙaramin kifi ne da sanyi ya galabaitar. Sabon shiga kan gaza a nan saboda rashin haƙuri.

Inda ciyawar ruwa ta fara tohowa kuwa, sai a ɗauko wani kifin ƙarya mai faɗi, mai 'yan ƙarafa a ciki da ke kaɗawa kamar caki. Samfurin Rat-L-Trap na kamfanin Bill Lewis da ke jihar Louisiana shi ne ya yi suna a wannan fanni. Ana jan sa har ya taɓa kan ciyawar, sannan a fincike shi da ƙarfi, kuma wannan zaburar ce ke sa kifi ya kai hari ko da ba ya jin yunwa.

Akwai kuma mai leɓe a gaba, wanda leɓen ke sa shi nutsewa yana rangaji idan aka ja zare. Mai leɓe mai kusurwa huɗu an yi shi ne musamman don ya riƙa karo da kututture da duwatsu yana kaucewa ba tare da ƙugiyoyinsa sun maƙale ba. Masana harkar kan ce idan ba ya bugun wani abu a ƙarƙashin ruwa, to ɓata lokaci kawai ake yi.

Idan ruwan sama ya gurɓata tafki, gani ya ragu, kifin kan dogara da wani layin jijiyoyi da ke gefen jikinsa, wanda da shi yake jin motsin ruwa. A nan ake amfani da wata lanƙwasasshiyar waya mai ƙugiya da geza a ƙasa, da 'yan faya-fayan ƙarfe masu juyawa a sama. Faifai mai zagaye ya fi girgiza ruwa, don haka ya dace da gurɓataccen ruwa. Dogo siriri mai siffar ganye ya fi walƙiya, sai ya fi aiki a ruwa mai haske da iska ke kaɗawa. Daga shekarar 2004 wani sabon samfuri mai suna ChatterBait, mai faifai ɗaya a goshi da ke karkarwa, ya ƙwace wani kaso mai yawa na wannan aiki.

To amma idan aka tambayi tsofaffin hannu abin da ya fi kama manyan kifaye a wannan lokaci, da dama za su ambaci dalma mai geza. Ƙugiya ce guda ɗaya mai kan dalma, nauyin giram 10 zuwa 14, an yi mata geza ta roba da 'yan tsinkaye masu hana ta maƙalewa. Ana jan ta a ƙasan ruwa a hankali, tana tsalle kaɗan-kaɗan kamar waccan 'yar uwar ƙaguwa. A shekarun 1970 wani masunci ɗan jihar California, Dee Thomas, ya yaɗa dabarar matsawa kusa da sarƙaƙiya da doguwar sanda, a lilo dalmar ta shiga ruwa ba tare da ƙara ba. Har yanzu ana cin gasa da wannan dabara.

Batun launi

Shagunan kayan kamun kifi a Amurka cike suke da ɗaruruwan launuka, kowanne da sunansa. Yawancinsu dai aljihun mai saye aka yi wa, domin idon kifin bai kai nan ba.

Wasu masu bincike a Jami'ar Illinois sun gano cewa bass mai babban baki yana rarrabe ja da kore sosai, amma yana shan wahala wajen bambanta shuɗi da baƙi, ko fari da rawaya mai sirkin kore.

Ƙa'idar da akasarin masunta ke bi mai sauƙi ce. A ruwa garai-garai, launi mai kama da na halitta, wato kore mai duhu ko ruwan ƙasa ko azurfa. A gurɓataccen ruwa kuwa, baƙi ko launi mai ɗaukar ido. Ja yana da farin jini na musamman a farkon bazara, musamman a jihohin Texas da Louisiana.

A kan gurbi

Idan ruwa ya yi ɗumi yadda ya kamata, namijin ne ke fara isa bakin gaɓa. Yakan zaɓi wuri mai tsakuwa ko yashi mai tauri, a zurfin rabin mita zuwa mita biyu, galibi kusa da kututture ko dutse, ya share shi da wutsiya har ya zama gurbi mai faɗin faifai babba. Wanda ya taɓa ganin ramukan da karfasa ke yi a bakin tafki ya san kwatankwacin abin.

Macen, wadda ta fi shi girma, takan zo ta zuba dubban ƙwai, ta ɗan zauna kwana ɗaya ko biyu, ta tafi. Namijin ne ke tsayawa yana yi wa ƙwan fifita da fuka-fukansa, yana korar duk abin da ya matso. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, amma gadin kan ci gaba har makonni, kuma a tsawon wannan lokaci kusan ba ya cin komai.

Ke nan kamun kifi a kan gurbi tsokana ce zalla. Masunci kan sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ya bi gaɓa a hankali da ƙaramin injin lantarki maras ƙara, yana duba farin tabo a ƙasan ruwa. Idan ya ga kifi, sai ya jefa ƙadangaren roba ko tanar roba cikin gurbin, ya riƙa girgiza shi a wuri ɗaya. Kifin kan ɗauke shi da baki ne don ya fitar da shi daga gidansa, ya tofar cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa da yawa ke zaɓar fari, don su ga lokacin da ya ɓace a bakin kifin. Wani kifin kan harzuƙa a jifan farko, wani kuwa sai an shafe sa'a guda ana fama da shi.

Da wannan dabara ce Dean Rojas ya kafa tarihi a watan Janairun 2001 a tafkin Tohopekaliga na jihar Florida, inda kifaye biyar da ya kawo ma'auni a rana ɗaya suka haura kilo 20.

A watan Maris na 2006 kuma, a ƙaramin tafkin Dixon da ke California, wani mai suna Mac Weakley ya ciro wata mace daga kan gurbi wadda ta kai kilo 11.4, nauyin da ya zarce na duk wani bass da aka taɓa rubutawa. Sai dai ƙugiyar a gefen jikinta ta kama, ba a baki ba. Ya mayar da ita ruwa, bai nemi a sa sunansa a kundin tarihi ba. An tsinci gawar kifin a tafkin a shekarar 2008.

Taƙaddama

Wannan salon kamu shi ne ya fi raba kan masunta da masana.

Masu suka na cewa da zarar an ɗauke namiji daga gurbi, ƙananan kifaye kan yi wa ƙwan rubdugu cikin 'yan mintoci. A manyan tafkunan arewa lamarin ya ƙara muni tun bayan da wani baƙon kifi mai suna goby ya shigo cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke zubarwa, inda aka fara ganinsa a shekarar 1990. Binciken da David Philipp da abokan aikinsa suka yi a tafkunan Ontario ya nuna cewa gwargwadon daɗewar namiji a wajen gurbinsa, gwargwadon yiwuwar ya watsar da shi baki ɗaya, musamman idan ya dawo ya tarar an cinye akasarin ƙwan.

Wani gwajin da aka fara a tafkin Ridge na jihar Illinois a tsakiyar shekarun 1970, aka wallafa sakamakonsa a 2009, ya nuna cewa saurin cafkar ƙugiya hali ne da kifi ke gada. An kuma gano daga baya cewa mazan da suka fi saurin kamuwa su ne suka fi himma wajen gadin 'ya'yansu. Wato dai fatsa tana tsince iyayen da suka fi nagarta.

A ɗaya ɓangaren, binciken hukumar kula da kifaye ta jihar Florida ya nuna cewa ko da an yi asarar wasu gurabe, yawan 'ya'yan kifin da ke rayuwa a ƙarshen shekara bai cika raguwa ba, domin a can lokacin haihuwa na da tsawo, kifin kuma kan sake yin wani gurbin.

Dokoki sun bi wannan bambanci. A jihohin kudu ana kamun bass duk shekara. A sassa da dama na Ontario kuwa an haramta nemansa har zuwa ƙarshen watan Yuni. A akasarin ruwayen jihar New York an yarda a kama a bazara, amma da abincin ƙarya kawai, kuma a sake shi nan take, har zuwa tsakiyar Yuni.

Jihar Texas ta ɗauki wata hanya dabam. Tun 1986 take da wani shiri mai suna ShareLunker, inda wanda ya kama kifin da ya kai kilo 5.9 a watannin farko na shekara zai iya ba hukuma aronsa, a kai shi wurin ƙyanƙyasa, a zuba 'ya'yansa a tafkunan jihar.

Bayan zuba ƙwai

Matan kan fito a rame, su yi 'yan kwanaki ba sa kula komai. Mazan kuma na nan kusa da gungun 'ya'yansu.

A wannan lokaci tanar roba mai gishiri a ciki, irin samfurin Senko na Gary Yamamoto, tana aiki sosai idan aka soke ta a tsakiya aka bar ta ta nutse da kanta, gefunanta biyu na rawa. Da asuba kuma, idan ruwa ya haura digiri 20, sai a koma ga abin da ke yawo a saman ruwa, kamar kwaɗon roba da ake ja a kan ganyen bado, ko samfurin Zara Spook da ke tafiya hagu da dama. Ba shi ne ya fi yawan kamu ba, amma a nan ne mutum ke ganin kifin ya fasa ruwa da idonsa.

Masu ƙera kayan

Ana danganta farkon wannan masana'anta da James Heddon, wani mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Michigan, wanda ya fara sassaƙa abincin ƙarya da katako a ƙarshen ƙarni na 19.

A shekarar 1936 wani matalaucin masunci a ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace, ya naɗe shi da takardar azurfa ta cakulan. Sunansa ne kamfanin Rapala ke ɗauke da shi har yau. Tanar roba kuwa Nick Creme ne ya fara dafa ta a gidansa da ke Akron, jihar Ohio, a 1949. Masuntan Texas ne daga baya suka gano dabarar mayar da tsinin ƙugiya cikin jikin tanar, ta yadda za ta ratsa rassan itatuwan da madatsun ruwa suka shanye ba tare da ta maƙale ba.

Gasa da kuɗi

Wanda ya mayar da wannan nishaɗi sana'a shi ne Ray Scott, wani dillalin inshora daga jihar Alabama. A 1967 ya shirya gasa a tafkin Beaver na jihar Arkansas, inda mutane 106 suka biya dala 100 kowannensu. A shekarar da ta biyo baya ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., kuma a 1972 ya fara yaƙin neman a daina kashe kifin da aka kama. Daga nan ne jiragen gasa suka fara zuwa da akwatin ruwa mai iska don ajiye kifi da rai, ake kuma rage wa mutum maki idan ya kawo matacce. Scott ya rasu a 2022.

Babbar gasar ƙungiyar, Bassmaster Classic, an fara ta ne a 1971 a tafkin Mead, inda Bobby Murray ya ci dala 10,000. A 2006 aka ɗauke ta daga tsakiyar shekara zuwa farkonta, lokacin da kifaye suka fi nauyi. A 'yan shekarun nan kyautar zakara ta kai dala 300,000. Rick Clunn da Kevin VanDam kowannensu ya lashe ta sau huɗu.

Sabuwar rigimar da ta kunno kai ita ce ta na'urar hangen ƙarƙashin ruwa. Tun da kamfanin Garmin ya fitar da LiveScope a 2018, masunci na iya kallon kifi a allo yana iyo a gaban jirgi, ya ga yadda yake bin abin da aka jefa masa. Matasan da suka ƙware da ita sun riƙa cin gasa a tsakiyar tafki, nesa da gaɓar da aka saba nema a bazara. Tsofaffin hannu na ganin ta rage darajar sanin halin kifi da karanta yanayi. A 2025 manyan masu shirya gasa suka fara taƙaita amfani da ita, wata ƙungiyar ma ta haramta ta ɗungum.

A wasu ƙasashe

Son wannan kamu ya sa an kwashi kifin zuwa ƙasashe da dama. An kai shi Afirka ta Kudu a 1928, da tafkin Naivasha na Kenya a 1929. A kudancin Afirka, inda yanayi ke tafiya akasin na Amurka, dabarun da aka zayyana a sama kan yi aiki ne daga wajen watan Satumba.

Sai dai baƙon ya yi ɓarna. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa bass mai babban baki cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya illa, saboda yadda yake cinye ƙananan kifayen gida. A tafkin Atitlan na ƙasar Guatemala, inda aka zuba shi a ƙarshen shekarun 1950, ana lissafa shi cikin dalilan ƙarewar wani tsuntsun ruwa da babu irinsa a ko'ina.

A Japan, inda aka fara kai shi tafkin Ashi a 1925, wata doka da ta fara aiki a 2005 ta hana shigo da shi ko ɗaukarsa da rai daga wani ruwa zuwa wani. A tafkin Biwa, mafi girma a ƙasar, hukumomin yankin sun hana mayar da shi ruwa tun 2003, har ma sun ajiye akwatuna a bakin gaɓa don a riƙa zuba wanda aka kama.

A wannan tafki na Biwa ne Manabu Kurita ya kama bass mai kilo 10.12 a watan Yulin 2009, da ɗanyen kifi mai rai a ƙugiyarsa. Ya ɗara wanda George Perry, wani matashin manomi, ya kama a tafkin Montgomery na jihar Jojiya ranar 2 ga watan Yunin 1932, mai kilo 10.09, wanda iyalinsa suka soya suka cinye. Amma da yake ƙa'idar hukumar IGFA mai riƙe da kundin tarihi ta tanadi sai an zarce da aƙalla giram 57, sai ta yanke hukunci a watan Janairun 2010 cewa mutanen biyu sun yi kunnen doki.